Tallafin kuɗi ga gidajen talakawa: mace ce mai shi, ko 'yar aike ce kawai?

Wata 'yar'uwa da ke aiki da ƙungiyar mata ta aiko mini da tambaya. Ta ce kullum tana jin masu shirya tallafi suna cewa idan aka damƙa wa mace kuɗin da ake ba gidajen talakawa duk wata, to an ƙarfafa ta, ta tsaya da ƙafarta. Ita kuwa abin da idonta ya gane mata shi ne, mace za ta karɓo kuɗi da safe, kafin yamma sun koma aljihun maigida. Shin akwai hujjar cewa tallafin nan yana ƙara wa mata ƙarfi, ko dai magana ce ta cika takarda?

Malama, idonki bai yi miki ƙarya ba. Na daɗe ina bin diddigin irin waɗannan shirye-shirye, kuma inda na tsaya shi ne: tallafin kuɗi yana sauƙaƙa wa mace rayuwa ƙwarai, har yakan rage dukan da take sha a gida, amma rubuta sunanta a katin karɓa bai isa ya sa kuɗin su zama nata ba. Abin da ke raba shirin da ya ƙara wa mace ta cewa da wanda ya mai da ita 'yar aike shi ne hanyar da kuɗin ke bi su iso hannunta, da wanda ya san sun iso, da nauyin da aka ɗora mata kafin ta karɓa.

Tun farko ma ba don mata aka fara ba mata kuɗin ba, don yara ne. Shirin da ya zama abin koyi ga duniya shi ne Progresa na ƙasar Meziko, wanda aka fara a 1997. A shirin an riƙa ba uwa kuɗi bisa sharaɗin yara su je makaranta, a kai su asibiti. Barazil ta biyo baya da Bolsa Família a 2003, inda fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu riƙe da katin mata ne. Dalilin zaɓar uwa kuwa ya samo asali ne daga wasu bincike da suka yi tashe. A ƙarshen shekarun 1970 Birtaniya ta sauya tsarin tallafin yara, daga rangwamen haraji da yawanci ke ƙarewa a albashin uba zuwa kuɗi a hannun uwa, sai masana suka gano cewa abin da gidaje ke kashewa a tufafin mata da yara ya ƙaru idan aka kwatanta da na maza. A Afirka ta Kudu kuma masaniyar tattalin arziki Esther Duflo ta nuna a 2003 cewa idan kaka mace ce ke karɓar fansho, jikokinta mata suna ƙara tsawo da nauyi, amma idan kaka namiji ne ke karɓa ba a ganin wannan canji. Daga nan aka ɗauka cewa hannun uwa shi ne gajeriyar hanya zuwa cikin yaro. Kin ga ke nan a wannan lissafi mace hanya ce, ba ita ce masauki ba. Maganar ƙarfafa mata daga baya aka liƙa ta.

Da aka zo aka gwada abin kai tsaye, wato aka yi ƙuri'a, wasu gidaje a ba uba wasu a ba uwa, sai sakamakon ya fito da ruwa biyu. A Maroko, a shirin Tayssir na tallafin karatu, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin gidan da uba ya karɓa da gidan da uwa ta karɓa. A Masedoniya ta Arewa kuwa, da aka ba uwaye, kason da ke tafiya ga abinci ya ƙaru. Dalilin wannan saɓani ba boyayye ba ne. Kuɗi ba su da tambari. Idan uwa ta fara karɓar tallafi, uba yana iya janye abin da yake bayarwa na cefane da kuɗin makaranta, ya ce ai gwamnati ta ɗauke masa. Ko ƙwandala bai karɓa daga hannunta ba, amma a ƙarshen wata shi ne ya ƙaru. Wannan ya fi ƙwace a fili yawa, kuma ba ya fitowa a rahoton kowa.

Inda hujja ta fi ƙarfi, kuma inda ni kaina ta ba ni mamaki, shi ne batun duka da cin zarafi. Da farko tsoro aka yi. Ana ganin idan mace ta sami kuɗin kanta, miji zai ji an taɓa masa girma, ya huce a kanta. A 2018 wasu masana suka tattara bincike 22 daga ƙasashe masu tasowa, suka ga 16 daga ciki sun nuna raguwar cin zarafi ne. A arewacin Ekwado, inda Hukumar Abinci ta Duniya ta ba mata tallafin da ya kai dala 40 a wata na tsawon wata shida a 2011, duka da tilastawa da takurawa sun ragu da maki 6 zuwa 7 cikin ɗari. A yammacin Kenya, a gwajin ƙungiyar GiveDirectly, duka ya ragu ko da miji aka ba kuɗin, amma tilasta wa mace a shimfiɗa sai a gidajen da ita ta karɓa ya ragu. A Mali kuma, shirin Jigisémèjiri magidanta ya riƙa ba kuɗi, akasarinsu maza, duk da haka cin zarafi ya ragu sosai a gidajen da ke da mace fiye da ɗaya, masu binciken suka danganta hakan da raguwar damuwa da ƙuncin ran mazan.

Ki lura da abin da wannan ke nunawa. Kaso mai yawa na rikicin gidan talaka a kan babu yake tashi. Mace ta tambayi abin da za a ɗora a wuta, namiji ba shi da shi, kunya ta koma fushi. Idan akwai ɗan abin da ke shigowa, wannan tambaya ta kullum takan ragu, faɗan da ke biye da ita ma ya ragu. Alheri ne babba, kuma duk macen da ta taɓa kwana da tsoro ba za ta raina shi ba. Sai dai zaman lafiyar da ya samu saboda miji ya huce daban yake da wanda ya samu saboda mace ta kai matsayin da ba za a taɓa ta ba. Na farkon yana iya tafiya ranar da tallafin ya tsaya.

Kuma tsoron nan na farko ba na banza ba ne gaba ɗaya. A Meziko an gano cewa matan da ke cikin shirin ba sa shan duka kamar waɗanda ba sa ciki, amma sun fi fuskantar barazana, wato a tsorata mace da baki har ta miƙa kuɗin. Wani binciken a can ya nuna cewa ƙaramin tallafi yana rage rikici, babba kuwa yana iya tunzura mazan da ba su yi karatu mai nisa ba kuma suke riƙe da ra'ayin cewa kuɗin gida na namiji ne. Saboda haka idan aka ce miki a matsakaici duka ya ragu, ki tuna cewa matsakaici lissafi ne, a cikinsa akwai gidan da abin ya ƙara muni.

Sai batun ta cewa a gida, wanda shi ne zuciyar tambayarki. A nan sakamakon ba shi da armashi. A shirin tallafin yara na Zambiya da aka fara a 2010, bayan shekaru ana biya, yawan al'amuran da mata ke yanke hukunci a kansu ya ƙaru, amma da ɗan kaɗan. Abin da ya ƙaru sosai shi ne ajiyarsu da ƙananan sana'o'insu. Da aka zauna da su ana hira, suka ce suna jin sun fi ƙarfi domin akwai abin da suke riƙe da shi, amma maigida dai shi ne maigida. Haka ake gani a wurare da dama. Mace takan sami ikon sayen sabulu da magani da littafin yaro ba tare da ta roƙa ba. Sayar da gona, aurar da 'ya, ko fita neman aiki, waɗannan suna nan inda suke.

A nan ina da ƙorafi a kan mu masu auna abin. Tambayar da muka saba yi ita ce, wa ke yanke shawara a kan kaza, ke ko mijinki ko ku biyu? Na sha zama ina sauraron irin wannan hira, kuma na san amsar "mu biyu" tana ɗauke da ma'ana goma. Wata tana nufin sun zauna sun tattauna. Wata tana nufin ya faɗa mata bayan ya gama. Wata ita ce ke juya komai amma ba za ta kunyata mijinta a gaban baƙo mai takarda da biro ba. Akwai kuma wadda za ta ce ita kaɗai ke yanke hukunci, mu rubuta ta cikin waɗanda suka sami ƙarfi, alhali gaskiyar ita ce an bar mata ɗawainiyar ne ita kaɗai. Masaniya Naila Kabeer, wadda bayaninta na 1999 ya zama madogara a wannan fanni, ta ce ƙarfin mace shi ne ta sami damar zaɓi a manyan al'amuran rayuwarta bayan a da an hana ta. Ta kasa shi uku: abin hannu, da ikon aiki da shi, da abin da aka cim ma. Tallafin kuɗi na farkon yake bayarwa. Na biyun ba a tura shi ta banki.

Amma ana iya share masa hanya, kuma wannan ne ɓangaren da nake so ki fi riƙewa. A can Masedoniya ta Arewa masu bincike sun yi wata dabara da ta fi tambayar baki. Suka ce wa mace, ga kuɗi kaza za a ba mijinki, ko kuwa ga ƙasa da haka a ba ki a hannunki, wanne kika zaɓa? Da yawa suka yarda gidan ya yi asarar wani abu muddin kuɗin za su shigo ta hannunsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan sun san cewa kuɗin da ya biyo ta hannun wani ba daidai yake da wanda ya biyo ta nasu ba, ko da gida ɗaya suke kwana.

A Jamhuriyar Nijar, lokacin farin 2010, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafi a ƙauyuka 96, wasu a ba su kuɗi hannu da hannu a wurin rabo, wasu a tura musu ta wayar salula. Adadin kuɗin ɗaya ne. Duk da haka gidajen da aka tura wa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu sun fi samun abin ci a rana. Masu binciken, ƙarƙashin Jenny Aker, sun kawo dalili biyu. Na farko matan ba su ɓata lokaci a tafiya da layi ba. Na biyu kuwa, saƙon waya ba ya shela. Ranar rabo a fili kowa ya san wance ta karɓo, mai bin bashi ya sani, dangin miji sun sani, maƙwabta sun sani. Saƙo kuwa yakan shigo shiru, mace ta sami sararin yin tunani, ta zaɓi lokacin da za ta buɗe maganar da mijinta. Wannan ɗan sarari shi ne bambancin.

Gwajin da ya fi burge ni a jihar Madhya Pradesh ta Indiya aka yi shi. A can akwai shirin gwamnati na ba mutanen karkara aikin ƙwadago, amma a lokacin ladan mace yakan faɗa asusun maigida. Sai aka buɗe wa wasu mata asusu na kansu, aka mai da ladansu can, aka kuma koya musu yadda ake amfani da asusun. Waɗannan mata suka ƙara fita aiki, ba a shirin gwamnati kaɗai ba, har da aikin 'yan kasuwa wanda ladansa ba ya bi ta asusun. Bayan shekara uku aka koma, aka tarar ra'ayinsu game da aikin mace ya sassauta. Waɗanda aka buɗe wa asusu kawai aka tafi aka bar su ba su kai nan ba. Ba a ƙara wa kowa ko sisi ba, hanyar kuɗin aka sauya, aka haɗa da ɗan horo.

Haka abin yake a jari. A Siri Lanka an ba masu ƙananan sana'o'i kyautar jari, ribar maza ta tashi, ta mata kusan ba ta motsa ba. Shekaru ana cewa wataƙila sana'o'in mata ne ba su da riba. Sai a 2019 aka sake duba alƙaluman Siri Lanka da Indiya da Gana, aka gano cewa a gidan da miji ma yake da sana'a, jarin matar can yake komawa. Inda ita kaɗai ce mai sana'a a gidan, ribarta ba ta gaza ta maza ba. Wannan shi ne abin da kika gani da idonki, Malama, an auna shi a ƙasa uku. Ba kuma kullum ƙwace ba ne, wani lokaci ita ce ke miƙawa da kanta don ta ga sana'arsa ta fi kawo riba. Amma ko ta yaya aka yi, rahoton da ya ce an ba mace jari bai faɗi inda jarin ya kwana ba.

Akwai kuma kuɗin da mace ke biya wanda ba a lissafa shi, wato lokacinta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Tallafi mai sharaɗi askinsa a kan uwa yake: ita ce mai kai yaro awo, ita ce mai halartar taron faɗakarwa, ita ce mai bin malami ya sa hannu, ita ce mai tsayuwa a layi. Masaniya Maxine Molyneux ta yi wannan suka a kan shirin Meziko tun 2006, ta ce an ɗauki iyaye mata aikin yaƙi da talauci ba tare da an tambayi abin da su suke buƙata ba, an kuma ƙara tabbatar da cewa renon yara aikin mace ne ita kaɗai. A Peru, a shirin Juntos da aka fara a 2005, mai bincike Tara Cookson ta tarar da mata suna doguwar tafiya zuwa asibitin da ba ma'aikaci, ga kuma sharuɗɗan da babu su a dokar shirin amma jami'ai suka ɗora musu, su kuma ba su isa su ƙi ba don tsoron a cire sunansu. Macen da ke rawar jiki a gaban ƙaramin jami'i, ba zan kira ta wadda aka ƙarfafa ba, an dai ƙara mata wanda za ta yi wa biyayya. Ban ce sharaɗi bai da amfani ba, yana tura yara makaranta, kuma wasu matan sukan ce taron nan ne kaɗai dalilin da ke fitar da su daga gida su haɗu da 'yan'uwansu. Amma a riƙa lissafa wanda ke biyan farashinsa.

Zargin da ake yawan yi cewa kuɗin a giya da taba za su ƙare, ko za su sa mutane lalaci, ba zan ɓata miki lokaci a kansa ba. Masana a Bankin Duniya sun duba bincike 19 ba su ga ƙaruwar sayen giya da taba ba, sau da yawa ma raguwa suka gani. Wasu kuma suka duba gwaji bakwai a ƙasashe shida ba su ga alamar mutane sun rage aiki ba.

Abin da ya fi cancantar damuwa shi ne me ke saura bayan an daina biya. A gundumar Zomba ta Malawi, a 2008 da 2009, an ba 'yan mata masu shekara 13 zuwa 22 da iyayensu tallafi, wasu bisa sharaɗin zuwa makaranta, wasu ba sharaɗi. Mai sharaɗin ya fi riƙe yara a aji. Marar sharaɗin kuma shi ya rage aure da kashi 44 cikin ɗari, ɗaukar ciki da kashi 27, domin yarinyar da ta bar makaranta ba a yanke mata kuɗin ba, ba ta shiga halin da sai ta jingina da namiji ba. Amma da aka koma bayan shekara biyu da tsayar da shirin, yawancin wannan nasara ta gushe, aure da haihuwa suka dawo kamar an buɗe ƙofa. Jinkiri aka saya, kuma da kuɗin suka ƙare jinkirin ya ƙare.

Ki kwatanta wannan da Bangaladash. Daga 2012 zuwa 2014 an ba mata matalauta tallafi, wasu kuɗi ko abinci zalla, wasu kuma aka haɗa musu da zaman mako-mako na koyon ciyar da yara, ana kuma ziyartar gidajensu da shugabannin unguwa. Wata shida zuwa goma bayan an rufe shirin, waɗanda suka karɓi tallafi zalla sun koma daidai da waɗanda ba su karɓi komai ba a batun duka. Waɗanda suka yi zaman kuwa, dukan da suke sha ya ragu da kashi 26 cikin ɗari. Abin lura shi ne ba a yi musu darasin cin zarafi ko sau ɗaya ba, maganar abincin yara ake yi. Amma mace ta yi ƙawaye, ta san abin da maƙwabta ke zuwa tambayarta, mutane sun san fuskarta, mijinta kuma ya san idan ya taɓa ta akwai masu ji. Wannan bai ƙare da ƙarewar kuɗin ba. Irin wannan darasi ne ya sa shirye-shiryen da ke haɗa tallafi da jari da horo da ƙungiyar ajiya, irin wanda ƙungiyar raya ƙasa ta BRAC ta ƙirƙiro a Bangaladash, suka fi daɗewa ana ganin tasirinsu, ko da yake sun fi tsada da wuyar gudanarwa.

Wani lokaci ma babbar ribar ba daga kuɗin take fitowa ba. Shirin Benazir na Pakistan, wanda aka fara a 2008, mata yake biya, kuma sai mai katin shaidar ɗan ƙasa. Wannan sharaɗi ya sa ɗimbin matan da ba su taɓa mallakar takarda da sunansu ba suka yi kati, kuma da katin nan ake rajistar zaɓe, da shi ake buɗe asusu. Sai dai wuƙar baki biyu gare ta: wadda ba ta samu yin katin ba, sau da yawa ita ce mafi talauci, ita ce kuma ake tsallakewa.

Don haka idan kin koma wurin matan da kike aiki da su, kada ki tsaya a tambayar sunan wa ke kan kati. Ki tambayi wayar da saƙon ke shiga ta wace ce, layin da sunan wa aka yi masa rajista, wa ya san lambar sirri, wa ke zuwa cirewa, kuma nawa wakilin ke yanka. Ki tambaya ko kuɗin na zuwa a ranar da aka ce, domin macen da ta ci bashi da sa ran biyan da ya makara wata uku ta fi shiga uku fiye da wadda ba ta sa rai ba. Ki tambaya ko an zauna da mazan tun farko an yi musu bayanin dalilin ba matan, da bakin mutanen da suke jin maganarsu. Sannan ki tambayi matar, ita kaɗai ba a gaban kowa ba, ko abin da maigida ke bayarwa a da yana nan yadda yake tun da ta fara karɓa.